Tsaunukan Wollo A Ƙasar Habasha: Mahaifar Dutsen Ado Mai Shan Ruwa

A wannan wata za mu nufi gabas ne, zuwa ƙasar Habasha, wadda kowace ɗalibar Islamiyya ta fara jin sunanta tun a darasin Sira.

Abin da zai kai mu kuwa wani ɗan dutse ne da ya fara yawa a akwatunan kayan adon matanmu. Duk wadda take leƙa shagunan 'yan gwal, ko take da 'yar uwa mai zuwa sari Dubai, ta ga zobba da 'yan kunne da sarƙoƙi masu ɗauke da wani dutse fari-fari kamar madara, wanda in kika juya shi a haske sai ki ga kore da shuɗi da ja suna wasa a cikinsa tamkar bakan gizo. 'Yan kasuwa suna kiransa opal, mu kuwa bakinmu ya fi sakewa da cewa ofal. Kukan da ke biyo bayan sayensa kusan iri ɗaya ne. Ba a rufa wata uku ba sai dutsen ya dushe, ko ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai mai shi ta ce an cuce ta an sayar mata da jabu. Sau da yawa dutsen na ƙwarai ne, halinsa ne ba ta sani ba. Halin nan kuwa daga ƙasar da aka haƙo shi ya ɗauko shi, shi ya sa za mu je har can mu gani.

Habasha da kayan ado a tarihinmu

Kin dai san cewa a shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), wato wajen shekarar 615 Miladiyya, sahabbai suka yi hijira ta farko zuwa wurin Sarki Najjashi, cikinsu har da Sayyidina Usman da matarsa Nana Ruƙayya, Allah Ya ƙara musu yarda. Abin da ba a cika kawowa a aji ba shi ne, alaƙar nan ta taɓa har kayan ado. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, kuma dutsen da ke kansa na Habasha ne. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Najjashi ya aiko da kyautar kayan ado, a ciki akwai zoben zinare mai dutsen Habasha, sai Annabi (SAW) ya kira jikarsa Umama, 'yar Nana Zainab, ya ba ta ya ce ta yi ado da shi.

Sai dai a kula, kada wani ɗan kasuwa ya fake da waɗannan ruwayoyi ya ce miki ofal sunna ne. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun fassara dutsen da aƙiƙ ko makamancinsa, wasu kuma suka ce baƙin launinsa ake nufi. Ofal ɗin da ke kasuwa a yau, sai a 'yan shekarun nan aka gano ma'adininsa a can.

Daga Adis Ababa zuwa Dessie

In jirgi ya sauke ki ke da muharraminki a filin jirgin sama na Bole, abin da zai fara tarbarki shi ne sanyi, domin birnin Adis Ababa yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300. Garin Jos da muke kuka da sanyinsa, tsayinsa wajen mita 1,200 ne kawai. Ki kuma yi hankali da agogonsu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a wurinmu, ƙarfe ɗaya ne a bakinsu. In direba ya ce mota za ta tashi ƙarfe goma sha biyu, to shida na safe yake nufi.

Hanyar arewa tana bi ta garin Debre Berhan, sannan ta haura Tarmaber, inda mota ke shiga wani rami da Italiyawa suka fasa a cikin dutse a shekarun 1930. A bakin hanya za ki ga yara suna tallar hulunan ulu da soyayyen sha'ir da suke kira kolo, ga kuma garken birai masu jan ƙirji suna kiwo a bakin kwazazzabo kamar tumaki. A wannan yanki na Shewa, kusa da ƙauyen Mezezo, aka fara gano ofal na Habasha a 1994. Yawancinsa ruwan ƙasa ne, kuma yana da saurin tsagewa bayan an haƙo shi, don haka bai yi farin jini a kasuwa ba.

Daga nan hanya za ta gangara ƙasa mai zafi, ki wuce Kemise, ki fara ganin raƙuma da masallatai da mata cikin lulluɓi, har ki isa Kombolcha, sannan ki sake hawa zuwa Dessie, babban birnin Kudancin Wollo, kimanin kilomita 400 daga Adis Ababa. A ƙidayar 2007, wajen kashi 70 cikin 100 na mutanen wannan shiyya Musulmi ne. An san Wollo da tsofaffin makarantun ilimi irin su Geta da Dana da Jama Negus, kuma malamansu sun rubuta harshen Amharik da haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu. Suna da waƙoƙin begen Annabi (SAW) da suke kira manzuma. An kuma san mutanen Wollo da zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista, har za ki sami dangi ɗaya da ya haɗa duka biyun. In kika shiga gida, za a gasa kofi a gabanki, a daka, a dafa, a zuba miki har zagaye uku, ga hayaƙin lubban yana tashi.

Wajibi ne in gaya miki cewa tafiyar tamu ta kan takarda ce. A ƙarshen 2021 yaƙin arewacin Habasha ya iso har Dessie da Kombolcha, kafin a yi sulhu a watan Nuwamba na 2022. A 2023 kuma wani rikicin ya ɓarke a jihar Amhara tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan Fano. Duk mai niyyar zuwa da ƙafarta, sai ta bincika halin da hanya take ciki tukuna.

Delanta, tudun da kwazazzabai suka kewaye

Daga Dessie za ki yi arewa maso yamma, tafiyar wajen kilomita 100, amma mai cin lokaci, domin sai mota ta gangara can ƙasa zuwa kogin Bashilo tana kwana-kwana, sannan ta sake hawa. In kin gama hawan sai ki ga kin fito wani shimfiɗaɗɗen fili kamar faifai, a tsayin da ya kai wajen mita 3,000. Wannan ita ce ƙasar Delanta, babban garinta kuwa shi ne Wegel Tena. Bashilo yana kudu da ita, kogin Jita yana arewa, kowannensu ya yanka kwari mai zurfin da in kika leƙa sai jiri ya ɗebe ki. Ta wannan tudu sojojin Ingila suka bi a 1868, da giwayen da suka ɗauko daga Indiya, a kan hanyarsu ta zuwa dutsen Magdala inda mulkin Sarki Tewodros ya ƙare.

Mutanen Delanta yawancinsu Kiristoci ne 'yan cocin gargajiya ta Habasha, manoman sha'ir da alkama da wake, masu kiwon tumaki. Sanyin dare yakan ƙone musu shuka, gonakin kuma ƙanana ne. Ƙasar Wollo ta ga yunwa mai tsanani a 1973, ta sake gani a 1984 zuwa 1985. Irin waɗannan manoma ne suka gano ofal a jikin bangon kwazazzabo a 2008, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan sunan Wollo ya zaga kasuwannin duwatsun ado na duniya. A 2013 an sake gano wani ma'adinin kusa da garin Gashena, mai ba da ofal baƙi.

Dutsen yana kwance ne a wani siririn layi da kaurinsa bai fi kamar mita ɗaya ba, can ƙasa da bakin kwarin da ɗaruruwan mitoci. Mahaƙa suna gangarawa da ƙafa ta 'yan hanyoyi irin na awaki, ɗauke da diga da guduma da shebur da tocila. Suna fasa rami a jikin bangon su yi ta kutsawa ciki, wani wurin sai da rarrafe. Daminarsu tana faɗowa ne daga Yuni zuwa Satumba kamar tamu, kuma a lokacin ƙasa takan zame, rami yakan rufta, an kuwa yi asarar rayuka a wannan aiki. Daga hannunsu dutsen zai wuce wurin dillalai zuwa Adis Ababa, mai yawa daga ciki ya tafi birnin Jaipur na Indiya inda ake yanka shi a goge, sannan ya bazu kasuwanni. Saboda haka 'yar uwa, ɗan abin nan da ke yatsarki, wani bawan Allah ya sa ransa a haɗari kafin ya fito da shi. Bai kamata ya lalace a kwanon wanke-wanke cikin mako biyu ba.

Me ya sa yake shan ruwa?

Ofal an gina shi ne da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, tare da ruwa a jikinsa, galibi kashi 3 zuwa 10 cikin 100, wani ma har kashi 20. Masana sun bayyana cewa na Wollo ya samu ne lokacin da ruwa ya riƙa ratsa tokar aman wuta ta zamanin da, yana kwasar silika yana tara ta a cikin ramuka, har akan ga burbushin saiwoyin tsirrai a cikin wasu duwatsun. A shekarun 1960 masana a Ostireliya suka duba ofal da madubin ƙara girma mai ƙarfi, suka ga ashe wasu ƙananan ƙwallaye ne jere reras, waɗanda sai kin jera fiye da 3,000 kafin su cika milimita ɗaya. In haske ya ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu launi-launi. Ƙananan ƙwallaye suna ba da shuɗi, manyan su ba da ja. Babu fenti ko ɗigo a ciki, tsari ne kawai na Mahalicci. Tsarki ya tabbata ga Allah.

To, yawancin ofal na Wollo yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar sabuwar randa. In ya shiga ruwa sai ya tsotse, ya ƙara nauyi, ya koma garau kamar gilashi, launukan su ragu ko su ɓace. In ya bushe sai su dawo. Ruwa mai tsabta shi kaɗai bai cika yi masa lahani na dindindin ba. Matsalar ita ce, ba ya bambance ruwa da mai, ko turare, ko rini, kuma waɗannan in sun shiga ba sa fita da kansu.

Ɗan uwansa na hamadar Ostireliya

Domin ki gane bambancin, bari mu ɗan leƙa wani garin. A jihar Kudancin Ostireliya, kimanin kilomita 850 arewa da birnin Adelaide, akwai garin Coober Pedy a tsakiyar hamada. A 1915 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Willie Hutchison, wanda ya biyo mahaifinsa neman zinare, ya tsinci ofal a wurin. Zafin bazara a can yana wuce digiri 40, don haka mutane da yawa suka fafe gidajensu a cikin tudu, da falo da ɗakin kwana da kicin duk a ƙarƙashin ƙasa, inda yanayi ba ya canzawa rani da damina. Tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa wannan hamada, Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankin da yake Pakistan a yau su ne suke jigilar kaya a cikinta, kuma su suka gina masallatan farko a ƙasar a ƙarni na 19.

Ofal na Ostireliya, na Coober Pedy ne ko baƙin nan mai tsada na garin Lightning Ridge, jikinsa a toshe yake, ba ya tsotsar ruwa. In guda ne sukutum, ana iya wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, a goge da ƙyalle mai laushi. Kin ga kenan shawarar da ta dace da na hamada, ita ce za ta ɓata na tsauni. Haka nan tsohuwar maganar da ake yi cewa a riƙa jiƙa ofal a ruwa ko a shafa masa mai don kada ya bushe, na Ostireliya ba ya buƙatar hakan, na Wollo kuwa mai kashe shi yake yi.

Kafin ki miƙa kuɗinki

Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Ki tambayi mai shago, wannan na wace ƙasa ne? In ya ce na Habasha, ki ɗauka mai shan ruwa ne. In ya ba ki izini, ki ɗan jiƙa kan yatsarki da ruwa ki taɓa dutsen, mai shan ruwa za ki ji yana ɗan kama fata.

Sannan ki duba shi ta gefe. Akwai wanda ake yanko ofal siriri kamar ɓawon albasa a manna shi da gam a kan baƙin dutse ko roba, shi ne mai hawa biyu. Wani kuma a ƙara masa murfin gilashi a sama, ya zama mai hawa uku. Za ki ga layin haɗin a miƙe sambal. Ba haramun ba ne a sayar da su in an faɗi gaskiya, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, amma in suna yawan jiƙa ruwa yakan shiga tsakanin gam ɗin, sai dutsen ya yi hazo ko ya ɓare. In an rufe gefe da bayan dutsen da ƙarfe ruf yadda ba za ki gani ba, ki ƙara tambaya.

Akwai kuma na masana'anta, wanda wani Bafaranshe mai suna Pierre Gilson ya fito da shi kasuwa a shekarun 1970. Launukansa sukan jeru daidai wa daida fiye da kima, da zane kamar fatar ƙadangare. Haka kuma, da yake na Wollo yana shan duk abin da aka ba shi, wasu suna rina shi ya koma shanshanbale ko ruwan hoda mai kauri, wasu kuma su turara shi da hayaƙi ya yi baƙi don ya yi kama da mai tsada. In kika ga baƙin ofal ana ba ki shi a kuɗin banza, ki tuna araha ba ta ado.

Wani abin lura ga masu sayen gwal don ajiya: ofal ba kadara ba ce irin zinare. Ranar da kika tashi sayarwa, 'yan gwal ƙarfen za su auna, su fitar da nauyin dutse. Don haka tun wajen saye ki nemi a rubuta miki nauyin zinaren daban, kuɗin dutsen daban.

Zobe da alwala

Nan ne inda mace Musulma ta bambanta da sauran masu sa wannan dutse. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi, suka ce zoben da shari'a ta halatta wa mutum, ba dole ne ya cire shi ko ya motsa shi wajen alwala ba. Hanafiyya da Shafi'iyya kuwa suka ce in ya matse har ruwa ba ya shiga ƙarƙashinsa, sai an motsa shi. Wannan sauƙi ne ya sa yawancinmu muka saba alwala da zobbanmu a hannu, kuma alwalar ta inganta. Amma ki yi lissafi, in kina sabunta alwala kowace salla, dutsen zai jiƙe ya bushe sau 150 a wata guda, ban da wanka da wanke hannu da sabulu. Wannan jiƙa da bushewa a kai a kai yana iya buɗe ɓoyayyiyar tsaga, ruwan kuma yana shigar masa da sabulu da datti.

Saboda haka ki cire shi kafin ki ɗauki buta. Kada ki ajiye shi a bakin famfo ko kan katangar banɗakin gidan biki, nan ne zobba suke ɓata. Ki tanadi 'yar jaka ta yadi a cikin jakar hannunki. In kin idar, ki tsane hannunki sosai kafin ki mayar. 'Yan kunne ma ki lura da su wajen shafar kunne. In shawarata za ki bi, wadda take son ofal na Habasha ta saye shi a matsayin abin wuya, domin shi alwala ba ta isa gare shi, ba ya kuma bugun ƙofa ko tukunya. Sai dai a lokacin bazara ki sa shi ya kwanta a kan riga, saboda zufa.

Gaban madubi da kicin

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kayan gyaran jikinmu kusan duk abokan gabarsa ne: man shafawa, man kitso, humra, turaren fesawa, da uwa uba lalle. Humra da mai sukan mayar da shi rawaya-rawaya, lalle kuwa ya rina shi. Turaren wuta ma haka, tunda kin ji da hayaƙi ake baƙanta shi da gangan. Kada ki tsuguna kan kasko da shi a jikinki, kada kuma ki bar shi a ɗakin da kike turara kaya. Ki gama wankanki da shafe-shafenki da turarenki, jiki ya sha iska, sannan ki ɗauko shi. In kin dawo daga unguwa kuma ki fara cire shi kafin ki taɓa komai.

A kicin, manja da man gyaɗa da kurkur da ruwan omo duk suna shiga jikinsa. Ga kuma zafi. Ofal kowane iri ne ba ya son a fito da shi daga sanyi a kai shi zafi farat ɗaya, kamar ki ɗebo ƙanƙara a firji ki wuce bakin murhu. Kada ki bar shi a cikin mota a rana, ko a bakin taga. Zafi da bushewa mai tsanani sukan sa ya yi 'yan tsage-tsage kamar gidan gizo-gizo, wannan kuwa ba shi da magani.

Yadda za ki goge shi ki adana

A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, daimon yana kan 10, ofal yana tsakanin 5.5 da 6.5, ƙwayar yashi kuwa tana kan 7. Ma'ana ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa ta fi shi tauri, in kika murza da bakin zane sai ta kankare shi. Ki fara hure ƙurar, sannan ki goge a hankali da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. In na Habasha ne, ko mai hawa biyu ko uku, busasshen ƙyalle ya isa, in datti ya kama ki ɗan jiƙa gefen ƙyallen da ruwa zalla, ki goge, ki tsane nan take. Ƙarfen da ke kewaye da shi ki bi shi da auduga a kan tsinke. Toka, man goge baki, lemon tsami, kanwa da bilic, waɗanda wasu ke wanke azurfa da su, kada ko ɗaya ya kusance shi.

In za ki kai wankin gwal ko gyara, ki gaya wa maƙerin cewa ofal ne. Wutar walda, ruwan batir, tafasasshen ruwa da injin wanki mai girgiza duk suna iya fasa shi. A cire dutsen tukuna, in an gama aiki a mayar.

In tsautsayi ya sa ya faɗa ruwa kika ga launinsa ya ɓace, kada hankalinki ya tashi. Ki tsane shi, ki ajiye a inuwa a cikin ɗaki, ki ƙyale shi. Wani cikin 'yan awoyi zai dawo, wani sai ya yi kwanaki ko makonni. Kada ki shanya shi a rana, ko ki kara shi a kurfoti, ko ki hura masa na'urar busar da gashi, domin gaggawar busarwa ita ke tsaga shi. In kuwa mai ne ya shige shi, sai a kai wa masu aikin duwatsun ado, kuma ba kullum yake komawa yadda yake ba.

Wajen ajiya, ki naɗe kowanne shi kaɗai a ƙyalle mai laushi, kada ki zuba shi cikin gwangwani ɗaya da sauran sarƙoƙi suna gogar juna. Ki nisanta shi da kwalaben turare, ki kuma cire 'yar ƙullin nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, in akwai ta a akwatin.

Ban da camfi

A ƙarni na 19 Turawa da yawa sun camfa ofal, suna cewa yana jawo tsiya, kuma ana danganta yaɗuwar camfin da wani ƙagaggen labari da marubuci Walter Scott ya fitar a 1829. A yau kuma wasu masu talla sun juya maganar, suna cewa dutsen waɗanda aka haifa a watan Oktoba ne, yana kawo sa'a da kwanciyar hankali, wai in launinsa ya canza alama ce ta wani abu zai faru. Kin dai ji dalilin canzawar launinsa, ruwa ne ko mai. Dutse ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, kuma rataya shi da wannan niyya yana taɓa tauhidi. Ki sa shi don ado a inda shari'a ta yarda ki bayyana adonki, ki kula da shi domin an hana mu tozarta dukiya, ki kuma koya wa 'ya'yanki mata yadda ake riƙe shi tun kafin ya zama nasu.

Allah Ya zaunar da ƙasar Najjashi lafiya, Ya tsare masu neman halaliyarsu a cikin ramukan Delanta, Ya zaunar da tamu ƙasar lafiya, Ya sa mu fi ƙawata zukatanmu fiye da yatsunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.